Ɗalibaina Sun Iya Kaɗa Ƙugu da Sauri, Amma Motsin Sannu Ya Gagare Su

Tambaya

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni matar aure ce a unguwar Mabera a nan Sakkwato. Na koyi rawar ƙugu ta Larabawa lokacin da nake karatu a Alkahira, a wajen wata maƙwabciyarmu da ke koya wa mata a cikin gidanta. Da na dawo gida, bisa izinin maigidana, na buɗe ɗan aji na mata zalla a falona domin motsa jiki. Akwai masu jego da suka gama arba'in, akwai amare, akwai kuma ma'aikata da zaman ofis ya jawo musu ciwon baya. Damuwata ita ce, idan na saka kiɗa mai sauri kowa sai ta ware, amma da zarar na ce a zagaya ƙugu sannu, ko a ɗaga hannu a sauke shi cikin natsuwa, sai aji ya rikice. Wata ta gama zagayen kafin in ƙirga uku, wata jikinta ya riƙa fizga, wata kuma ta fashe da dariya sauran su biye mata. Na gaji da cewa "a hankali, a hankali". Wasu sun fara cewa wannan horo ne ba rawa ba, har biyu sun daina zuwa. Shin in haƙura in bar su da mai saurin da suke so, ko kuwa akwai dabarar da zan bi?

Amsa

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi wa wannan aiki naki albarka, domin matar da ta sama wa 'yan'uwanta mata wurin motsa jiki a asirce, cikin mutuncinsu, ta yi musu gata babba. Amsata ita ce kada ki bar motsin sannu, domin shi ne ɓangaren da ya fi amfanar mai jego da mai zaman ofis, kuma idan kika cire shi kin zubar da rabin abin da kika sha wahalar koyowa. Abin da nake so ki daina shi ne dogaro da faɗin "a hankali". Ɗalibanki sun ji ki tun ranar farko, kuma na yi imani suna son su bi umarninki. Abin da ya gagare su shi ne jikinsu bai san yadda zai yi da wannan dogon lokaci da kika ba shi ba, don haka aikinki shi ne ki cika musu lokacin da abin yi, daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Ki fara da fahimtar dalilin da ya sa mai saurin ya zo musu da sauƙi. Idan mace ta wurga ƙugunta gefe, tsokarta tana aiki ne a farkon motsin kawai, nauyin jiki ya ƙarasa sauran tafiyar, sannan gaɓa ta tare shi idan ya kai iyaka. A motsin sannu kuwa babu wurgi ko kaɗan. Tsoka ce za ta ɗauki ƙugun tun daga tashinsa har zuwa saukarsa, ɗaya tana ja, abokiyar aikinta ta ɗaya ɓangaren tana saki kaɗan-kaɗan, kuma a wajen sakin nan ne ake gane mai ƙarfi da marar ƙarfi. Duk wadda ta taɓa jan ruwa a rijiya ta san cewa sakin guga ya faɗa da kansa ba aiki ba ne, amma a ce ta mayar da shi ƙasa cike da ruwa, hannu bayan hannu, ba tare da ya fantsama ba, nan ne damtse zai fara rawa. Fizgar da kike gani a jikin ɗalibarki ita ce wannan rawar damtsen, sai dai tana faruwa ne a kwiɓi da mara da cinya da ɗuwawu. Saboda haka kada ki ɗauke ta a matsayin taurin kai ko rashin baiwa. A makonnin farko na kowane sabon motsa jiki, jijiyoyi ne ke fara koyon yadda za su sarrafa tsoka tun kafin tsokar kanta ta ƙara girma, shi ya sa za ki ga fizgar ta ragu tun jikin mace bai canja a ido ba.

A aji na gaba, ki tsaya a gefen ɗaliba ɗaya da ta fi shan wahala, ki ɗauke idonki daga ƙugunta, ki kalli sauran jikinta. Za ki tarar yatsun ƙafarta sun damƙi ƙasa har farcen ya yi fari, gwiwoyinta sun miƙe sun kulle, kafaɗunta sun hau kusa da kunne, ta cije leɓe, numfashinta kuma ya tsaya cak. Jikin da ke cikin wannan hali ba zai taɓa yin motsi mai laushi ba, ko da shekara kika yi kina roƙonsa. Gwiwar da ta kulle ta toshe wa ƙugu hanya, domin hawa da saukar ƙugu daga lanƙwasar gwiwa da miƙewarta suke samun sarari. Don haka gyaran tsayuwa ya riga komai: ƙafafu su buɗe daidai faɗin ƙugu, gwiwoyi a sassauce, nauyi ya bazu a dukkan tafin ƙafa maimakon ya taru a diddige, mara a ɗan janye ta ciki, ƙirji a ɗage, kafaɗu a sake. Ki lura musamman da masu tsayuwa da kwankwaso a lanƙwashe, ɗuwawu a ture baya, abin da ya zama ruwan dare ga matan da suka yi ciki da goyo. Irin waɗannan idan zagayen ya biyo ta baya sai su ji ya matse musu ƙashin baya, shi ya sa suke tsallake wurin da gudu. Ki koya musu su bar ƙarshen ƙashin bayansu yana duban ƙasa, za su samu sauƙi nan take.

Sai maganar ƙirga, wadda a ganina ita ce za ta fi canja miki aji. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a faɗa wa ɗaliba inda za ta tashi da inda za ta sauka, a bar mata tsakiyar tafiyar babu alama. Sai ta isa da wuri ta tsaya tana jiran ƙirga ta iske ta, ko kuma ta yi jinkiri a farko ta ƙarasa da fizga. Ki sanya wa zagayen ƙugu zango huɗu a cikin ƙirga takwas: a kan 1 ƙugu yana gaba, a kan 3 yana dama, a kan 5 yana baya, a kan 7 yana hagu, sannan ya koma gaba a kan 1 ta gaba. Lambobin tsakani, wato 2 da 4 da 6 da 8, su ne na kusurwoyi, kuma su za ki riƙa ɗaga murya a kansu, domin a nan ake satar hanya. Ƙa'idar guda biyu ce kawai, kada a isa zango kafin a kira lambarsa, kuma kada a tsaya a ko'ina. Agogon bango mai bugawa ya ishe ki abin aiki, tunda bugu 60 yake yi a minti ɗaya, kowace ƙirga daƙiƙa guda ke nan; in babu shi akwai manhajojin waya da ke ba da bugu daidai gwargwado. Kada ki jefa su cikin takwas ɗin kai tsaye. Ki fara daga inda suke da ƙarfi, a yi zagayen cikin ƙirga 2, sannan 4, sannan 8, a dawo 4, a dawo 2, domin jiki ya ji cewa motsi ɗaya ne ake miƙawa ana naɗewa. Idan takwas ta zauna sosai bayan wasu makonni, sai ki kai su 16. Haka za ki yi wa zanen lamba 8 da ake yi da ƙugu, da taguwar ciki, wato motsi mai kama da igiyar ruwa da ke tasowa daga ƙirji ya gangaro mara, da ɗaga hannu, inda kafaɗa ke fara tashi, gwiwar hannu ta biyo, sannan wuyan hannu, yatsu su zo a ƙarshe, kowanne da lambarsa.

Ki kuma rage musu girman motsin. Sabuwar ɗaliba tana ganin babban zagaye shi ne gwaninta, alhali babban zagaye yana fitar da nauyinta daga kan ƙafafunta, dole ta yi sauri don kada ta faɗi. Zagayen da bai wuce faɗin tafin hannu ba, wanda aka yi shi sumul babu gargada, ya fi wanda ya cika falo daraja, kuma daga shi ake faɗaɗawa. Idan falonki na da tayil, kowace ta zaɓi guda ɗaya ta tsaya a kansa, a ce ƙafa ba za ta ƙetare layinsa ba har a gama.

Akwai dabarar da nake ganin za ta mayar da wannan "horo" ya zama wasa a wajensu. Ɗankwalin ƙugu mai sulalla da ake ɗaurawa yana ba mai sauri lada nan take, domin duk fizgar da ta yi sai ya yi ƙara, ita kuma ta ji daɗi. To ki juya masa aiki. Kowace ta ɗaura nata, a kashe kiɗa, a ce za a yi zagaye uku ba tare da sulai ɗaya ya yi magana ba. Wadda nata ya yi ƙara ta san ta fizga, kuma ta san daidai wurin da ta fizga, ba sai kin buɗe baki ba. Haka nan ki haɗa su biyu-biyu, ɗaya ta zagaya gyale a ƙugun 'yar'uwarta ta riƙe bakinsa biyu tana ɗan ja da sauƙi, ita kuma mai motsin ta tura ƙugun yana ƙalubalantar gyalen, sannan ta dawo da shi ba tare da ta bari gyalen ya fizge ta ba. Motsi a cikin iska ba ya gaya wa jiki komai, amma da zarar an sami abin turawa sai mace ta ji tsokar da ke aikin, kuma idan aka cire gyalen wannan ji yakan zauna na ɗan lokaci. Ga masu jujjuya kai da kafaɗa kuwa, a ɗora musu ƙwarya ko ƙaramin faranti a ka. Wannan ba baƙon abu ba ne ga matan ƙasar nan, waɗanda kullum suke ganin masu tallan fura da nono suna tafiya da ƙwarya a ka ba tare da ta girgiza ba. A Masar ma akwai rawar da ake yi da alkukin kyandirori a ka, wadda ake kira shamadan, ana yin ta a gaban ayarin rakiyar amarya, kuma ba mai iya ta sai wadda ta raba motsin ƙugunta da na kanta.

Numfashi ba ya buƙatar dogon bayani. Wadda ta riƙe numfashi jikinta zai sandare, kuma cewa "ki yi numfashi" ba ya wuce daƙiƙa biyar yana aiki. Ki sa su riƙa ƙirgawa da bakinsu a bayyane, ko su riƙa fitar da sauti ta hanci a hankali muddin motsin yana tafiya, domin mai fitar da sauti ba ta da halin riƙe numfashi.

Yanzu bari mu zo ga kunne, domin ina zargin rabin matsalarki a nan take. Matan da ke zuwa wajenki sun tashi ne da kiɗan biki, kalangu da kiɗan ƙwarya da waƙoƙin sutudiyo na zamani, kuma duk waɗannan bugu ne ke jan ragamarsu. Ƙafar Bahaushiya ta saba da neman inda ganga ta sauka ta sauka tare da ita. Motsin sannu na rawar Larabawa kuwa amon abin busa ko na tsirkiya yake bi, musamman a sashen da ake kira taƙsim, inda mai sarewar nay, ko mai molon ud, ko mai ƙanun, wato abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, ko mai akodiyon, wato abin kiɗan da ake matsawa ana buɗewa da hannu, yake tafiya shi kaɗai yadda ransa ya ba shi, wani lokaci babu ganga sam. Idan kika saka wa ɗalibarki wannan kika ce ta yi motsi, kunnenta yana laluben bugu bai samu ba, sai ta ƙirƙiro nata bugun a zuci, kuma nata ɗin mai sauri ne. Maganin shi ne a koya wa kunne kafin a koya wa ƙugu. Ki zaunar da su a ƙasa, su rufe ido, ki saka taƙsim na sarewa na minti biyu, kowace ta ɗaga hannu ɗaya tana bin amon: idan ya hau hannu ya hau, idan ya ja tsawo hannu ya ja tsawo, idan mai busa ya tsaya shan numfashi hannun ya dakata a inda yake ba tare da ya faɗo ba. Idan amon Larabawan ya yi musu nisa da farko, ki fara da abin da kunnensu ya sani, kamar goge ko sarewar Fulani, ko ki tuna musu yadda mai algaita ke jan amo ɗaya ba yankewa saboda yana shaƙar iska ta hanci yana kuma busa wadda ya tara a kumatu. Wannan rashin yankewar ita kike nema a ƙugu. Daga nan ki ɗora su kan kiɗan da ke da bugu amma mai faɗin tsakani, irin cifteteli mai ƙirga takwas wanda ke barin ɗan shiru a ƙarshen kowane zagaye, ko wahda wanda bugu mai nauyi ɗaya ne a farkon zagayensa. Waɗannan suna ba mace abin dafawa ba tare da sun kore ta da gudu ba. Idan kuma a cikin ɗalibanki akwai wadda ke da damuwa game da hukuncin sauraron kiɗa, wannan tambaya ce ta malamai, ki girmama matsayinta. Kusan duk abin da na lissafa miki ana yin sa da ƙirga da agogo kaɗai.

Zai kuma taimaka su san cewa abin da suke kira horo shi ne abin da ma'abota wannan rawa suka fi girmamawa. Gajerun bidiyoyin da suke gani a TikTok na daƙiƙa talatin ne, kuma mai ɗora su ya san karkarwar ƙugu ce ke tsayar da ido, shi ya sa ita kaɗai ake yankowa. Amma tun daga gidan wasan da 'yar rawa Badi'a Masabni ta buɗe a titin Imaduddin na Alkahira a 1926, inda shahararrun 'yan rawa Tahiyya Kariyoka da Samiya Gamal suka fito, har zuwa zamanin Suhair Zaki, waɗanda sunansu ya ɗore an san su ne da natsuwa da iya bin amo. An san Tahiyya da ƙananan motsi masu nauyi a ɗan ƙaramin wuri, an san Suhair da laushi da rashin yawan zirga-zirga. Rawar baladi ta mutanen unguwa, wadda mai yiwuwa ita maƙwabciyarki ta fara koya miki, da taƙsim mai sanyi take buɗewa, mace tana tsaye kusan wuri ɗaya, ganga ba ta shigowa sosai sai daga baya. Idan za ki nuna musu wani abu daga tsofaffin bidiyoyin rawar waɗannan mata, ki fara kallo ke kaɗai ki zaɓi wanda ya dace da tarbiyyar gidanki, ki kuma ce su kalli tsawon lokacin da mai rawar ke ɗauka kafin ta gama motsi ɗaya.

Dariyar da kika ambata ita ce na fi so ki yi wa kyakkyawar fahimta, domin a mafi yawan lokaci kunya ce ta fito da wannan kama. A cikin kiɗa mai sauri kowa na motsi, hayaniya ta rufe kowa, babu mai kallon wata. Da zarar an sassauta sai ɗaki ya yi tsit, mace ta ji kamar duk idanu a kanta suke, tana juya sashen jikin da tun tana yarinya ake ce mata ta rufe shi ta kuma natsu. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba kuma abin da za ki yaƙa ba ne; abin da za ki yi shi ne ki rage mata idanu. Ki sa su yi da'ira kowace ta juya baya tana duban bango, ko ki rage haske, ko a rufe ido idan motsin ba ya buƙatar ɗaga ƙafa. Idan kina da madubi ki rufe shi da zani a wannan sashe, domin mai kallon kanta a madubi tana gyara hoto ne maimakon ta saurari jikinta. Ki duba kuma su wa kika haɗa a aji ɗaya. Yarinyar da ke tsaye kusa da sa'ar mahaifiyarta, ko amaryar da ke aji ɗaya da yayar mijinta, ba za ta taɓa sakin jiki ba ko da ke ce gwanar duniya, kuma ba laifinta ba ne. Raba su rana daban-daban ya fi kowace dabara. Sannan maganar waya: a ajiye su a kwando a bakin ƙofa, taki kaɗai za ta shiga domin kiɗa, kuma ba a ɗaukar hoton kowa ko da ita ta roƙa. Mace ba za ta natsu ba matuƙar tana tsoron a wayi gari bidiyonta yana yawo a WhatsApp, kuma abu ɗaya irin wannan ya isa ya taɓa aurenta ya kuma rufe miki aji.

Ki binciki kanki ke ma. Malamai da yawa suna cewa "a hankali" da murya mai sauri, suna tafi da sauri, suna tsaye a gaba jikinsu yana nuna motsin ba tsayawa. Ɗaliba muryarki take bi fiye da maganarki, saboda haka ki sassauta harshe, ki ja ƙirgar da murya mai sanyi. Ki nuna motsin sau biyu ki koma gefe, domin idan kina gabansu kullum kwaikwayonki za su yi ta yi a makare, ba za su taɓa jin abin a jikinsu ba. Gyara ɗaya ya isa ga mace ɗaya a rana, a faɗa mata kusa da kunne, kuma kada ki kai hannu jikin kowa sai kin nemi izininta.

Ƙarfin da ake buƙata kuwa sai an gina shi, kuma minti biyar a kowane zama ya wadatar idan aka dage. A jingina baya da bango a ɗan durƙusa a riƙe daƙiƙa 20, a riƙa ƙarawa har zuwa 40. A kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗaga ƙugu cikin ƙirga 2 a sauke shi cikin ƙirga 6, tunda saukarwar ce darasinmu. A tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango na daƙiƙa 20 a canja. Karkarwar tsoka da ɗan zafin gajiya ba abin tsoro ba ne, amma ciwo mai suka a gwiwa ko a ƙashin baya, ko jiri, alama ce ta a tsaya nan take.

A kan masu jego ina so ki yi taka-tsantsan sosai. Gama arba'in ba ya nufin ciki ya gama komawa. Mata da yawa tsokokin gaban cikinsu biyu sukan rabu a tsakiya saboda juna biyu, kuma ga wasu ratar takan daɗe ba ta rufe ba. Mace za ta iya dubawa da kanta: ta kwanta rigingine, ta lanƙwashe gwiwoyi, ta ɗan ɗaga kai, ta sa yatsu a saman cibiya da ƙasanta. Idan ratar ta wuce faɗin yatsu biyu, ko tsakiyar cikin ya tullo sama idan ta yunƙura, to ta dakata da taguwar ciki da duk wani lanƙwasawa baya har sai ta ga likita ko ma'aikatan gashin ƙashi, kuma akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa, da mai juna biyu, da mai hawan jini, da wadda fitsari ke kufce mata idan ta yi tari ko tsalle, kowace ta zo miki da amincewar likita tukuna. Ke malamar motsa jiki ce, kada tausayi ya sa ki ɗauki aikin asibiti.

Game da tsarin ajin, ina jin kina ajiye motsin sannu ne a ƙarshe a matsayin hutu, kamar yadda da yawa ke yi. Ki dawo da shi gaba, bayan an ɗumama jiki na minti goma, tun tsoka ba ta gaji ba, domin gajiyayyar tsoka ba ta iya saki kaɗan-kaɗan. Minti goma zuwa sha biyar sun isa, sannan ki sake musu mai saurin da suke so su rufe da shi, su tafi gida da fara'a. Yanayin garinmu ma yana da hannu a ciki. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma mace mai ƙishirwa a ɗakin da babu wuta ba ta da haƙurin ƙirga 16, don haka ki mayar da aji safiya, ruwan sha yana kusa. Da hunturu kuwa jiki a ƙage yake, sai ki tsawaita ɗumamawar. A watan azumi ki rage komai ko ki ba da hutu. Ki duba ƙasan ɗakin: safa a kan tayil tana zamewa, tabarmar roba tana gudu, kafet mai kauri kuma yana riƙe ƙafa ya bar gwiwa ta murɗe ita kaɗai. Ƙafa ba takalmi a kan ledar ɗaki ko busasshen tayil ta fi. Su riƙa sa wando mai walawa maimakon zani, domin zani yana ɓoye miki gwiwa, ita kuwa gwiwa ita ce abin da kike buƙatar gani.

Amaren da ke zuwa saura mako uku biki, ki faɗa musu gaskiya tun a bakin ƙofa cewa wannan lokaci ba zai isa a koyi komai da komai ba. Ki zaɓar wa kowace motsi biyu, ƙaramin zagayen ƙugu da ɗaga hannu, ta riƙa yin su minti biyar kullum a ɗakinta da agogo, sauran ta dawo bayan biki idan mijinta ya amince. Su kuma biyun da suka daina zuwa, kada ki yi fushi, kuma kada ki aika musu saƙo ta bakin wata. Ki kira kowace da kanki ki gaishe ta, ki tambaye ta ko wani wuri ne ke mata ciwo, ko kuwa akwai wadda take jin nauyinta a ajin, domin abu ne mai yiwuwa ɗaya daga cikin biyun nan ne ya kore ta, ta rasa yadda za ta faɗa. Idan ta ce gundura ce kawai, ki gaya mata kin canja tsari, ki gayyace ta zama ɗaya kyauta a ranar da za ki fara wasan ɗankwali mai sulalla, ki kuma haɗa ta da wadda suka fi shaƙuwa wajen riƙe gyale.